Wankin Bindigar Lukman

Ni ba na son a taɓa mini kayan aiki, kuma ba na son a yi mini ƙarya a kan bindiga. Mutum ya rage mini shekarunsa ko ya ƙara wa gonarsa faɗi, ban damu ba, amma in ya ajiye bindiga a gabana, ita da kanta za ta gaya mini abin da aka yi mata. Na daɗe a soja ina kula da ɗakin makamai kafin in yi ritaya in dawo gida Bodinga. Da hukuma ta ɗebi matasa 'yan sintiri a wannan yanki namu ta ba wasunsu bindigogi, sai aka nemo ni, aka ce Saje Nafi'u, aikinka ya biyo ka har gida. Tun daga nan nake zagawa ina duba musu, wasu kuma su kawo mini har zaure.

Lukman ɗan yayata Aminatu ne, ɗanta na fari, yana cikin waɗanda aka ajiye a Shagari. Ya zo mini wata Alhamis da hantsi. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo, lokacin da ɓarayin shanu suka fi jin daɗin yawo ke nan. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye bindigar a kan tabarma da hannun dama kaɗai. Na hagun yana naɗe da bandeji a ƙarƙashin riga.

"Kawu," ya ce, "bindigag ga ba ta zuwa inda nika nuna ta."

Na cire harsasai, na kwance ta, na ɗaga bututun wajen haske na leƙa. A cikin irin wannan bindiga akwai tsagi da yake murɗawa tun daga gindi har baki, shi ne yake juya harsashi ya tafi sak. Daga ciki tsagin yana nan. Amma wajen baki ya shafe, bakin ya buɗe, yana ta ƙyalli kamar tukunyar da aka goge da toka. Na shinshina, na ji man gyaɗa. Na tura farin ƙyalle ya fito, na murza shi a yatsa, sai na ji rairayi yana ƙaras-ƙaras.

Raina ya ɓaci nan take. Bindigar nan ba ta cika shekara a hannunsa ba, 'yan'uwanta da aka raba tare duk suna nan lafiya.

"Wa ad da wanga aiki?" na ce.

Ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Ban sake tambaya ba, don na riga na gane hannun.

Mahaifinsa, Ɗanbaba, mijin yayata, tsohon maharbi ne a Lambara. Ba ƙaramin maharbi ba kuwa. A ƙasar Shagari in ana hirar farautar da, ba a gamawa ba a ambace shi ba, kuma akwai dattawa masu furfura yau da a hannunsa suka koyi ɗura bindiga. Shi da adaka ya tashi, irin bindigar maƙera da ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita wannan cikinta sumul yake, babu tsagi. In an dawo daga daji a zuba mata ruwan zafi, a dirje ta, a shafe ta da mai, shi ke nan. A haka ya riƙe tasa tun ina yaro, ban taɓa jin ta ba shi kunya ba. Ni da shi wasa muke yi, kasancewar ni ƙanin matarsa ne. Yana ce mini sojan ɗaki wanda bai taɓa harbin ko zomo ba, ni kuma ina ce masa ya ƙarar da namun dajin ƙasar nan ya bar mu da ɓeraye.

Tsakaninsa da Lukman kuwa babu wasa, babu ma magana. Ɗan fari ne, kuma Ɗanbaba irin mutanen da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama inda yake zaune, in zai ba shi saƙo sai ta bakin wani. Ranar da Lukman ya shiga sintiri bai ce masa je ka ba, bai ce kada ka je ba. Abin da ya shiga tsakaninsu tun daga ranar shi ne wannan: in Lukman ya samu hutun yini ya zo gida, sai ya cire harsasai ya jingine bindigar a zaure ya shige wajen mahaifiyarsa. In zai koma ya tarar da ita a goge, tana sheƙi, an naɗe ta cikin tsohon zane. Ba wanda ya taɓa ce wa wani uffan a kai. Na san ana yin haka, yayata ta taɓa gaya mini tana dariya, amma na zaci shafa mai kawai Ɗanbaba yake yi daga waje.

"Hannun hwa?" na tambayi Lukman.

"Na ce ma Inna mashin yak kas da ni."

"Ni ba Inna ba na."

Sai ya gaya mini. Ranar Litinin da la'asar sun bi sawun shanun da aka kora daga wani ƙauye. Wani mutum ya taso daga cikin gero da bindiga, kusa ƙwarai, nisan da ko makaho bai kamata ya kuskure ba. Lukman ya saita ya harba, bai same shi ba. Ya sake, bai same shi ba. Mutumin ya harbo, harsashin ya yagi naman damtsensa ya wuce. Abokin aikinsa Idi ne ya buɗe wuta daga gefe, mutumin ya faɗa cikin gero ya ɓace.

Na dubi hannun da ke naɗe. Yaron nan a hannuna aka yi masa aski ranar suna.

"Bindigag ga ta mutu," na ce masa. "Sai an kai ma shugabanku Oga Isah rahoto a ba ka wata."

"In anka kai, za shi tambaya wa yaɓ ɓata ta."

"Sai a gaya mishi."

"Ni za ni ce ni na, Kawu."

Ya san abin da wannan yake nufi, ni ma na sani. Wanda ya lalata makamin hukuma da sakacinsa sallamarsa ake yi, a kuma biyo shi da bincike. Ni kuma ba zan iya cewa tsufa ta yi ba, don ƙarya ce, kuma duk wanda ya leƙa zai gane. Sai ya kawo tasa dabarar: wai in ba shi ita haka nan, ya lura hagu take ja, zai dinga nunawa dama kaɗan. Nan fa na sauke masa kwandon faɗa. Na ce bakin da ya buɗe ba shi da hagu ba shi da dama, yau nan, gobe can, inda ya ga dama yake tofar da harsashi. Da na gama sai ya ce ranar Asabar za su sake shiga daji, kuma shi ba zai tsaya gaban mutane ya ce mahaifinsa bai iya wankin bindiga ba.

Na ce ya bar mini ita zuwa gobe, akwai maganin da zan jiƙa ta da shi. Ya tafi yana waiwaye.

Washegari Juma'a da sassafe na naɗe ta cikin buhu, na ɗaure a bayan babur tare da jakar kayan aikina, na kama hanyar Lambara. An yi ruwa kafin asuba, kwalta tana ta tururi, motocin haya cike da buhunan albasa suna wuce ni suna watsa mini ruwa. Duk tsawon hanyar magana nake shiryawa. Na tanadi kalamai masu zafi, na jera su ɗaya bayan ɗaya, har na zaɓi wadda zan fara da ita. Shekara da shekaru tsohon nan yana ce mini sojan ɗaki, yau ga ranata ta zo, kuma ina da gaskiya.

Na tarar da shi a ƙofar zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ɗago ya gan ni ya washe baki.

"A'a, sojan ɗaki. An jiyo ƙamshin hura tun daga Bodinga?"

"Awo, na zo in ci rabona tun ba ka ƙare shi ba."

Muka gaisa, na tambayi gida da gona. Sannan na kwance buhun na ajiye a gabansa, gindin bindigar ya leƙo. Sai na ga fuskar mutumin nan ta sauya. Fartanyar ta zame daga hannunsa. Bai dube ni ba, bindigar ya ƙura wa ido. Sai a lokacin na fahimci abin da na yi. A wajen maharba, in aka kawo bindigar mutum gida ba tare da shi ba, labari ɗaya ne.

"Lahiya lau shike," na yi sauri na ce. "Shina Shagari, jiya ma mun gaisa."

Ya ja numfashi, ya sunkuya ya ɗauki fartanyarsa.

"Wa yat tambaye ka?" ya ce.

Kalaman da na jero tun daga Bodinga duk suka watse. Tausayinsa ya kama ni, abin da ban taɓa ji game da Ɗanbaba ba. Na rasa ta inda zan fara, sai na ce masa na zo ne mu wanke ta tare, ina so in ga yadda yake yi.

Abin ya yi masa daɗi. Ya shiga zaure ya fito da kayansa: sandar ɗuri ta ƙarfe, tsummoki, kwalbar man gyaɗa, da wani ɗan ƙoƙo cike da rairayi mai laushi. Ya ce daga bakin gulbi yake ɗebo shi da kansa, ya tankaɗe da rariyar yayata in ba ta gani. Ya ɗauki bututun ya karkata shi wajen rana, ya nuna mini da farce. A cikin baki, inda ragowar tsagi yake, ga wasu siraran layuka ja-ja.

"Ka gani? Tsatsa ta," ya ce. "Ƙarhen gwamnatinku ba shi da kirki, Nafi'u. Tawa ta hi ka shekaru, ban taɓa ganin ja cikinta ba. Wagga ko, in goge ta hal ta yi hwari, yaron ga shi tahi da ita, in ya dawo in ishe jan ya komo. Hannuna hal ciwo shikai. Amma ba ni barin tsatsa ta ci bindigad da aka shiga daji da ita."

Na ce to, ya bari in nuna masa irin namu wankin, in ya so ya kushe. Na shimfiɗa buhun, na fito da tawa sandar mai rufin roba, da yankakkun fararen ƙyallaye, da kwalabe biyu. Na jiƙa ƙyalle da maganin farko na tura shi ta gindin bututun har ya faɗo ta baki. Ya fito baƙi ƙirin. Na bi da burushi, na sake tura wani, na sake, baƙin yana raguwa.

"Wanga na san shi," in ji Ɗanbaba. "Hayaƙin albarushi na. Ruwan zahi ka hid da shi, ba sai an sayi kwalba ba."

Na ce masa a nan yana da gaskiya, mu ma a bariki akwai harsasan da in an harba sai mun bi da ruwan zafi. Ya gyaɗa kai irin na wanda aka biya shi haƙƙinsa. Na buɗe kwalba ta biyu, warin ya bugi hancinsa, ya kau da kai ya ce wannan ai makewayin awaki na kwaso. Na jiƙe cikin bututun da shi sosai, na ajiye, na ce sai an ba shi lokaci.

Muna jira yayata Aminatu ta fito da ƙwaryar fura. Ta dubi bindigar a kwance gunduwa-gunduwa, ta dube ni.

"Ƙaƙa mutanen Shagari?" ta ce.

"Suna gaishe ki, Yaya. Kowa lahiya."

Ta ajiye ƙwaryar ta koma ciki. Ita ma ba ta kiran sunan Lukman, amma ita tana da waya, kuma in ya zo gida tana cika masa akushi. Muka sha fura. Ɗanbaba ya ba ni labarin wani gyado da ya taɓa bi har cikin fadama, labarin da na ji ya fi a ƙirga, kuma kullum gyadon ƙara girma yake yi.

Da lokaci ya yi na miƙa masa sandar, na ce shi ya tura. Ya nufi baki da ita, na riƙe hannunsa na mayar da shi ta gindi. Ya harare ni amma ya tura. Ƙyallen ya faɗo a kan buhu, shuɗi shar, kamar an tsoma shi a ruwan bula.

Ya ɗauka ya jujjuya. Ya leƙa bututun ko na ɓoye wani abu a ciki.

"Mi na na wanga?"

Na ce masa da tsatsa ce, da ƙyallen ja zai fito, ko ruwan ƙasa. Na ciro harsashi ɗaya daga aljihuna na sa masa a tafin hannu. Nasu na adaka dalma ce ko guntun ƙarfe tsirara. Wannan kuwa riga gare shi ta tagulla. In aka harba, yana bin tsagin nan da ƙarfi da zafi, sai ya bar kaɗan daga rigarsa a jikin bututun. Ita ce jan da yake gani. Ba ta cin ƙarfe, kuma ba a kankare ta, narkar da ita ake yi da magani, in ta narke sai ta koma shuɗiya.

Ya kanga harsashin kusa da bakin bindigar yana gwada launin. Iri ɗaya ne. Na zaci zai yi musu, don Ɗanbaba ko rana ka nuna masa sai ya ce bari ya duba. Amma sai ya koma yana kallon ƙyallen.

"In ba a harba ba," ya ce a hankali, "ba ta zuwa?"

"Ba ta zuwa."

"Ko damina? Ko an aje ta wuri mai sanyi?"

"Sai an harba, Yaya."

"Ko wane zuwa nika ishe ta," ya ce. Ba da ni yake ba. "Ko wane zuwa. Ni ko an ce min gadin kasuwa shikai."

Haka Lukman ya gaya wa mahaifiyarsa tun farko, wai a bakin kasuwar Shagari aka ajiye shi yana duba kayan masu shiga. Ita ta faɗa a tsakar gida da ƙarfi yadda mai zaure zai ji. Wata da watanni tsohon nan yana dirje shaidar abin da ɗansa yake ciki, yana tsine wa maƙeran gwamnati.

Ya karɓi sandar ya tura wani ƙyallen, ya fito shuɗi. Ya sake tura wani. Ban hana shi ba. Yana cikin yi ya tsaya, ya dube ni.

"Don mi kah hana ni shiga ta baki?"

Nan ne wurin da na yi ta gudu tun safe. Na ce masa baki shi ne abu na ƙarshe da yake taɓa harsashi kafin ya fita. In bakin ya ci ko kaɗan, ko ya buɗe ta gefe ɗaya, harsashi ba ya tafiya inda aka aike shi. Shi ya sa ba ma barin ƙarfe ya goge shi. Na karɓi harsashin na sa tsininsa a bakin bututun. A lafiyayyar bindiga rabi yake shiga ya tsaya. Wannan ya zurma har wuya, yana girgiɗi.

Ɗanbaba ya sa ƙaramin yatsansa ya shafa cikin bakin. Ya dubi sandarsa ta ƙarfe, wadda gefenta ya yi fari saboda guga. Ya dubi ƙoƙon rairayi. Mutum ne da ya san bindiga, ba sai an ƙarasa masa ba.

"Ta ƙi shi?" ya ce.

"Ta ƙi shi."

"Hannun da anka ce mashin na."

"Ba mashin ba na."

Na gaya masa duka, da mutumin cikin gero, da harbi biyun da suka tafi iska, da Idi. Na gaya masa gobe Asabar za su koma, kuma yaron ya ce ko dai ya koma da ita haka, ko ya ce shi ya ɓata ta a kore shi. Na ce na yi faɗa na gaji, bai ji ba. Ban ƙara ko kalma ɗaya daga cikin waɗanda na shirya a hanya ba.

Ɗanbaba ya miƙe. Ya ɗauki ƙoƙon ya je bakin kwata ya juye rairayin. Ya shiga gida. Na ji yayata tana tambayarsa wani abu. Na zauna na ƙarasa wankin, na busar da bututun, na shafa mai kaɗan, na haɗa ta, duk da na san aikin banza ne. Hannu ya saba, ba ya barin bindiga a buɗe.

Ya fito cikin farar rigarsa ta Juma'a da hula.

"Tada mashin," ya ce.

"Ina za mu?"

"Wurin wanda ka raba bindigogin ga."

Na ce masa ba sai ya je ba, ni zan iya samun Oga Isah a keɓe in yi masa bayani, magana ta mutu a ɗaki. Ya ce in an yi haka gobe wani zai ce an rufa wa yaron asiri ne don kawunsa ne mai duba makamai. Ya hau bayan babur ya rungume buhun a cinyarsa.

Ofishin 'yan sintirin Shagari wani tsohon gida ne mai faɗin fili da bishiyar darbejiya a tsakiya. Mun isa ana shirin tafiya masallaci, matasan duk suna nan, wasu na alwala. Da suka ga wanda ya sauko daga babur, wuri ya motsa. Da yawansu 'ya'yan maharba ne, sun tashi da jin sunansa. Aka yi ta zubewa ana gaisuwa, wani ya jawo benci, wani ya fara yi masa kirari. Oga Isah, shugabansu, wanda a haife Ɗanbaba ya haife shi, ya fito da sauri ya cire hula ya ce Baba a shigo daga ciki. Lukman yana can gefen rijiya. Da ya hango mahaifinsa da buhun, sai ya durƙusa inda yake, bai matso ba.

"Nan ma ya isa," in ji Ɗanbaba.

Ya kwance buhun da kansa, ya ɗora bindigar a kan bencin. Bai ɗaga murya ba, amma filin ya yi shiru yadda kowa ya ji.

"Bindigag ga ni niɓ ɓata ta. Na ga ja cikinta nic ce tsatsa ta, nid dirje ta da rairai da sandar ƙarhe hal bakinta ya ci. Ban san irinta ba, kuma ban tambaya ba. Mai ita bai sa ni ba, bai ko san abin da nika zuba mata ba. In akwai hukunci, ga ni. Shi a ba shi wata kahin gobe."

Wani yaro daga baya ya fara murmushi, yana zaton raha ce, na kusa da shi ya taka masa ƙafa. Mai kirarin nan ya rasa inda zai sa idonsa. Na dubi Ɗanbaba a tsaye cikin farar riga, mutumin da duk abin da ya mallaka a duniya shi ne a ce ya san bindiga, ya zo ya ajiye shi a kan benci gaban yaran da ba su kai ya yi musu magana ba. 

Oga Isah ya dube ni. Na ce haka ne, na duba, bakin ya tafi, ba ta gyaruwa a nan. Sai Oga Isah ya ce shi zai san yadda zai kai maganar sama, Baba ya kwantar da hankalinsa. Ya kira mai riƙe da makullin ɗakin ajiya ya ce a fito wa Lukman da wata, Saje ya duba ta kafin ya tafi. Aka fito da ita, na leƙa, tsaginta garau har baki. Lukman ya taso ya karɓa da hannu biyu, har da mai ciwon. Ya juyo wajen mahaifinsa kamar zai yi magana. Ɗanbaba ya riga ya ba da baya, ya nufi ƙofa.

Muka yi sallar Juma'a a Shagari, muka kamo hanya. Muka bar gari, gero ya rufe mu dama da hagu. Ban tsokane shi ba, shi ma bai ce mini sojan ɗaki ba. Sai da rufin gidajen Lambara ya fara bayyana ya matso da bakinsa kusa da kunnena saboda iska.

"Sabuwag ga, wa ka wanke ta?"

"Ni, Yaya."

Muka ƙara tafiya kaɗan. Na rage gudu saboda wasu awaki da suka tsallaka hanya.

"Randa za ka yi, ka biyo da ita ta gida," ya ce. "Ba ni taɓa bakinta. Gindin kaɗai za ni riƙe ma."

Na ce masa to.